Ba Ƙwayar Fosfatidilserin Ce Maganin Mantuwa da Firgicin Mutanen Dinder Ba

Wani ɗan'uwa daga cikin masu alƙalamin yankinmu ya yi rubutu yana kira ga Hausawan Dinder da ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Nil a ƙasar Sudan su rungumi wata ƙwaya mai suna fosfatidilserin, ɗaya daga cikin dangin kitsen da masana ke kira fosfolifid. Zan kira shi Malam, domin ya cancanci girmamawa, kuma duk wanda ya karanta rubutun zai ga tausayi ne ya sa shi magana. Sai dai shawarar da ya bayar kuskure ce, kuma a halin da mutanenmu suke ciki tana iya cutarwa.

Ga hujjarsa kamar yadda ya gina ta. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, in ji shi, barci ya ƙaurace wa mutane, tsofaffi suna mantuwa, ɗalibai ba sa riƙe karatu, likitoci kuma sun watse. Ƙwaƙwalwa kitse ne mafi yawanta, wannan sinadari yana cikin fatar kowace ƙwayar halittarta, saboda haka wanda ya sha shi ya mayar wa ƙwaƙwalwa abin da wahala ta cinye. Ya ce binciken Turai da Amurka ya nuna yana gyara tunani yana kuma rage kotizol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Ya ƙara da cewa daga waken suya ake yin sa, don haka ba shi da illa, ya roƙi 'yan'uwa da ke aiki a Saudiyya su riƙa aiko da shi gida. Ko bai yi amfani ba, a ganinsa, ba a yi asarar komai ba.

A kan girman ciwon ba ni da ja da Malam ko kaɗan. Tun kafin babban yaƙin, rikicin jihar Shuɗin Nil na watan Yulin 2022 da na Wad al-Mahi a watan Oktoba sun ci rayukan ɗaruruwan mutane, sun kori dubban Hausawa daga Rusairis da kewayen Damazin. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a watan Disambar 2023. Sinja ta bi a ƙarshen watan Yunin 2024, Dinder a farkon Yuli, sai a watan Oktoba sojoji suka sake karɓar garin. Jikokin mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a gefen Sinnar, sun sake ɗaure kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da aka yi yaƙi kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, daga baƙin ciki mai nauyi zuwa firgici da abin da ya fi su. Girman ciwon ne ma ya sa bai kamata mu karɓi kowane magani ido rufe ba.

Gaskiya ne fosfatidilserin yana cikin ƙwaƙwalwa. A cikin ƙwaƙwalwar sa ma wani masani mai suna Jordi Folch ya fara ware shi a farkon shekarun 1940. Abin da Malam bai faɗa ba shi ne jiki da kansa yake ƙera shi, daga wasu fosfolifid guda biyu da yake samu ko yake haɗawa daga abinci. Wanda aka haɗiya kuwa hanji ne ke fara farfasa shi, jiki ya rarraba gutsattsarin inda ya ga dama. Wanda ya ci ƙafar sa, ai ba ƙafarsa naman ke nufa ba. Sannan wa ya auna ƙwaƙwalwar tsohuwar da ta gudo daga Sinja ya tarar fosfatidilserin ne ya ragu a cikinta? Babu wata cuta sananniya ta ƙarancin wannan sinadari a abinci, irin yadda ake da ƙarancin ƙarfe ko na aidin. Malam ya ɗauki abin da ya kamata ya tabbatar, ya mayar da shi tushen maganarsa.

Batun bincike shi ne inda ya fi buƙatar natsuwa, domin nan masu talla suke ɓoye rabin labarin. Binciken da ya fito da sunan wannan ƙwaya tsoho ne. A 1991 Thomas Crook da abokan aikinsa a Amurka sun gwada ta a kan mutum 149 masu mantuwar tsufa, miligiram 300 a rana har mako goma sha biyu, suka ga ɗan ci gaba, musamman ga waɗanda suka fi rauni tun farko. A 1993 Cenacchi da abokansa a Italiya sun gwada ta a kan tsofaffi 494 na wata shida, su ma suka ba da rahoton ci gaba. Waɗannan su ne lambobin da ake ta juyawa a takardun talla har yau. Amma fosfatidilserin ɗin da aka yi amfani da shi a duka biyun daga ƙwaƙwalwar shanu aka tatso shi. Da cutar haukan shanu ta bayyana a Birtaniya, aka kuma danganta ta da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa a jikin mutane a 1996, sai aka daina wannan hanya, kamfanoni suka koma waken suya, daga baya har da irin furen rana.

Na waken suya da na ƙwaƙwalwar sa suna ɗaya gare su, amma kitsen da ke rataye a jikinsu ya bambanta. Na shanu yana ɗauke da DHA, irin kitsen da ake samu a kifi, na waken suya kuwa ba shi da shi. To me aka gani da aka gwada na waken suya? A 2001 Jorissen da abokansa a Maastricht ta ƙasar Holan sun raba tsofaffi 120 masu kukan mantuwa, wasu suka sha miligiram 300, wasu 600, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. Bayan mako goma sha biyu ba a ga bambanci tsakaninsu ba. A 2010 an yi wani a Japan a kan mutum 78 na wata shida. Duka rukunonin sun ƙaru, har da masu shan ƙwayar da ba komai a cikinta, sai da aka ware waɗanda suka fara da maki mafi ƙasa sannan aka ga wani ɗan fifiko. Wanda yake son gaskiya zai ce akwai 'yar alama da ta cancanci a ci gaba da bincike. Ba zai ce an tabbatar ba. Lesitin, ɗan'uwan wannan ƙwaya da ya fi ta araha, shi ma an tattara gwaje-gwajensa a nazarin ƙungiyar masana ta Cochrane, ba a sami hujjar cewa yana taimakon masu cutar mantuwa ba.

Maganar amincewar hukumar Amurka ita ta fi damuna, domin mai karatu a Dinder zai ɗauka irin amincewar da ake yi wa maganin zazzaɓin cizon sauro ce. Tun dokar 1994, kayan ƙarin abinci a Amurka ba sa buƙatar a tabbatar da amfaninsu kafin su shiga kasuwa. Abin da hukumar FDA ta yi a 2003 shi ne ta ƙyale kamfanoni su rubuta cewa fosfatidilserin yana iya rage haɗarin mantuwar tsufa, da sharaɗin su haɗa da bayanin cewa binciken ƙalilan ne kuma na share fage, kuma ita hukumar ta ga hujjar kimiyya kaɗan ce a kan wannan da'awa. Jimla ta farko ta iso Dinder, ta biyu ta maƙale a hanya. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba batun a 2010, ta ce ba a tabbatar da alaƙa tsakanin shan sa da gyaruwar tunani ba. Me ya sa Malam ya kawo rabin hukuncin hukuma ɗaya, ya bar hukuncin ɗayar gaba ɗaya?

Sai kotizol. A Napoli, a 1992, Monteleone ya ba maza tara masu ƙoshin lafiya miligiram 800 a rana na kwana goma, ya ɗora su kan keken motsa jiki, ya ga kotizol ɗinsu bai hau kamar yadda ya saba ba. A Trier ta Jamus, a 2004, Hellhammer da abokan aikinta sun gwada haɗin fosfatidilserin da wani fosfolifid a kan mutum 80, aka sa su jawabi da lissafi a gaban alƙalai na 'yan mintoci. Masu shan miligiram 400 sun nuna sauƙi, masu shan 600 da 800 ba su nuna ba, abin da ya kamata ya sa mai hankali ya dakata. Wannan ita ce damuwar da aka auna: tuƙa keke da tsayawa gaban alƙalan gwaji. Ina haɗin wannan da uwar da ta bi daji da ƙafa a tsakiyar damina da goyo a baya, ko manomin da aka kwashe masa riɗi da dawa da taraktan da yake haya? Kotizol kuma ba abokin gaba ba ne. Shi ke tayar da mutum da safe, shi ke riƙe sukarin jini da bugun jini. Rage lamba a takardar gwaji ba ya nufin zuciya ta sami sauƙi.

Game da ɗalibai maganar gajera ce. Yaran da aka ɗage musu jarrabawar shahadar sakandare ta 2023 har zuwa ƙarshen Disambar 2024 sun yi fiye da shekara ba aji, ba littafi, wasu ba abinci sau biyu a rana. Manyan gwaje-gwajen da Malam ya dogara da su a kan tsofaffi aka yi. Yaron da ya kasa riƙe karatu a irin wannan hali malami yake buƙata, da fitila, da karin kumallo.

Cewa daga tsiro yake don haka ba illa, wannan ma ba ta tsaya ba. Fosfatidilserin ɗin kwalba ba matse shi ake yi daga wake kamar man gyaɗa ba. Lesitin ake ɗauka a masana'anta, a sa masa wani sinadari mai sauya shi, a tace, a ɗura. Zan yi wa Malam adalci: a gwaje-gwajen da aka yi na 'yan watanni, yawancin mutane sun sha shi lafiya, abin da aka fi gani shi ne ɓacin ciki da rashin barci, musamman idan an wuce miligiram 300. Amma a lura da na biyun. Mutumin da kukansa rashin barci ne za a miƙa wa ƙwayar da ɗaya daga cikin illolinta hana barci ne. Ba a tabbatar da amincinta ga mai ciki da mai shayarwa ba, alhali ƙauyukanmu cike suke da su. Ana gargaɗin masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da masu shan maganin cutar mantuwa irin su donepezil, kada su haɗa sai da sanin likita. Wani nau'in daga halittun teku ake yin sa, wanda jikinsa ba ya karɓar su zai sha wahala. Ga kuma tambayar da ta shafi kowane Musulmi, wadda Malam bai ko taɓa ba: ɓawon ƙwayar mai taushi galibi da jelatin ake yin sa, jelatin kuwa yana iya zama na shanu, yana iya zama na alade.

Duk wannan idan abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta a jikinta ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci, kuma wannan a lokacin zaman lafiya ne. A Sudan aikin rajista da sa ido na Majalisar Ƙasa ta Magunguna da Guba ne, yawancin masana'antun magani da manyan rumbunan ajiya kuma a Khartoum suke, inda yaƙin ya fara. Kwalbar da ta shigo a jakar fasinja, ta kwana a bayan babbar mota, ta yi makonni a kan tebur a zafin Afrilu na Sinnar, wa ya duba ta? Kitse ne fa. Zafi yana lalata shi, ya yi ɗoyi, ƙarfinsa ya ragu tun kafin ranar da aka buga a gindin kwalbar.

Yanzu ga maganar da na fi ƙi a duk rubutun, wato ko bai yi amfani ba babu asara. Malam, akwai asara har iri biyu. Ta farko ta aljihu ce. Ƙwayar nan ana shan ta sau uku a rana wata da watanni, da kuɗin waje ake sayen ta, fam ɗin Sudan kuma kowa ya san yadda ya zube. Ɗan da ke Jidda ko Riyad abin da yake iya turowa ta manhajar banki ta Bankak a wata ƙayyadadde ne. Duk riyal ɗin da ya tafi kwalba, an cire shi ne daga tukunya. Abin da jiki ke buƙata don ya ƙera nasa fosfolifid kuwa yana kasuwar Dinder. A gwaiduwar ƙwai masanin Faransa Theodore Gobley ya fara gano lesitin a tsakiyar ƙarni na 19. Ƙwai babba ɗaya yana ɗauke da kolin, sinadarin da jiki ke haɗa lesitin da shi, kusan miligiram 150, daga cikin 425 da ake so mace ta samu a rana da 550 na namiji. Hanta ta fi shi, ga ƙarfe da bitamin B12 a cikinta. Kifin da masuntanmu ke kamawa a Shuɗin Nil da tafkin Rusairis, da wake, da gyaɗa, da nono, duk suna kawo nasu rabo, tare da furotin da ƙwayar ba ta da shi.

Asara ta biyu ta fi tsanani, ita ce ta lokaci. Mantuwa da kasala da rashin tattara hankali alamu ne, kuma a ƙasarmu dalilansu sanannu ne. Zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa yana cinye jini. Tsargiya ta daɗe da zama a magudanan ruwan aikin noman Jazira, wanda madatsar Sinnar ta 1925 take shayarwa, ita ma a hankali take zuƙe jinin yara da masu ban ruwa. Kala-azar, cutar da ke kumbura saifa, gidanta ne dazuzzukan kogin Dinder da Rahad har zuwa Gadarif, kuma tana kisa idan ba a yi magani ba. Ƙarancin aidin mai kawo maƙoƙo yana dushe kaifin yara. Ga hawan jini da ciwon sukari a jikin dattawan da maganinsu ya yanke tun ranar da suka bar gida. Ga tsohon da kunnensa ya yi nauyi ake cewa ya fara ruɗewa, alhali bai ji abin da aka faɗa ba ne. Ga jabana, wato gahawa, da shayi da ake sha har dare don a kashe tunani, su kuma su kashe barci. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, daga ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, raunin ji, raunin gani, baƙin ciki da kaɗaici. Ƙarancin fosfatidilserin ba ya cikinsu. Da yawa daga cikin cututtukan da na lissafa ana gano su da gwajin ɗigon jini ko awon hawan jini a ƙaramar cibiyar lafiya. Iyalin da suka saya wa mahaifinsu kwalba za su ce bari mu ba ta wata uku mu gani. Wata uku da hawan jini ba magani na iya ƙarewa da shanyewar ɓarin jiki. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, ko tare da zazzaɓi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko mutum ya fara maganar kashe kansa, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Shi kuwa ciwon zuciyar da yaƙi ya bari, Sudan ba baƙuwa ba ce a sanin yadda ake tunkararsa. Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, ya yi suna ne da haɗa aikin likita da na shehunai da malaman da jama'a suka yarda da su, domin ya ga cewa majinyaci a cikin danginsa da imaninsa yake warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin da ake kira PM+, zama biyar na tattaunawa wanda ake horar da wanda ba likita ba ya gudanar, an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi aka ga ya rage damuwa. Malamin makarantar allo, ungozoma, malamar firamare, kowannensu zai iya koyon wannan. Wanda ciwonsa ya yi nauyi kuma akwai magunguna na gaskiya da likita ke rubutawa. Da alƙalamin Malam ya nemi a kawo irin wannan horo Dinder da Mai Wurno da Suki, da ni ne na farko da zan mara masa baya.

Ban ce ƙwayar guba ce ba, ban kuma ce a hana baligi mai hankali sayen abin da yake so da kuɗinsa ba. Dattijon da aka auna jininsa da sukarinsa da hawan jininsa, gidansa ba ya rasa abinci, ba ya shan maganin da zai yi karo da ita, idan ya ce zai gwada, to ya gwada da ilimi. Ya nuna wa likita ko mai kantin magani mai lasisi duk abin da yake sha. Ya karanta bayan kwalbar da kyau, domin da yawa suna buga miligiram 500 da manyan haruffa a gaba, alhali haɗi ne wanda fosfatidilserin na ainihi a cikinsa 100 ne kawai. Ya duba daga me aka yi shi, da irin ɓawonsa, da lambar rajista, da ranar lalacewa, ya ƙi duk wanda aka zuba a leda ko aka ɓalle hatiminsa. Kada ya wuce miligiram 100 sau uku a rana tare da abinci, kada ya sha dab da kwanciya, ya ajiye a inuwa mai sanyi. Kada ya bar maganin hawan jini ko na sukari saboda ita. Ya sa wani na gida ya lura da shi, idan wata uku ta cika ba wani canji da wani zai iya gani, ya daina. Mai ciki, mai shayarwa da yara su bar ta sai in likita ne ya ce.

Amma wannan izini ne ga mutum ɗaya mai hali, ba kira ga al'umma ba, kuma kira ga al'umma Malam ya yi. Mutane suna girmama rubutunsa, akwai waɗanda za su buga wa 'ya'yansu waya saboda shi. Don haka ina roƙonsa ya sake ɗaukar alƙalami ya gaya wa masu karatunsa cewa manyan gwaje-gwajen da ya ambata na ƙwaƙwalwar shanu ne, ba na abin da ke cikin kwalbar yau ba, ya kawo musu sharaɗin da FDA ta gindaya da hukuncin hukumar Turai, sannan ya gaya wa 'yan'uwa na Saudiyya cewa idan za su aiko da wani abu saboda ƙwaƙwalwar iyayensu, su fara da na'urar awon hawan jini, da kuɗin gwajin jini, da maganin da likita ya riga ya rubuta musu.